Gayyar Feshin Kacala da Sunan Sarkin Ruwanmu

Zuwa ga Mai girma Shugaban aikin share ciyawar ruwa na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, ina yi maka barka da aiki, barka da haƙuri da mu talakawa.

Ranka ya daɗe, sunana Idi. A garinmu ana ce mini Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci, saboda shekarun da na yi ina koyarwa a lakol, makarantar boko, kafin in ajiye alli. Garin namu Kurnar Gulbi ne, ɗan ƙauye a ƙasar Gidan Rumji, inda gulbi in ya janye bayan damina yakan bar mana tafki guda mu yi rani da shi. Ni ne magatakardan komitin tafkin. Ba don na san ruwa aka ba ni ba, ko iyo ban iya ba, an ba ni ne don ni kaɗai ke karanta Faransanci ba tare da bin layi da yatsa ba.

Sau uku ina zuwa buronka, wato ofishinka. Na farko aka ce ka fita rangadi, na biyu aka ce kana taro, na uku mai gadi ya hango ni tun daga nesa ya kira ni da sunana ya tambayi lafiyar gida. Da na ga har na yi sabo da mai gadi ban ga fuskarka ba, sai na ce bari in rubuta a fili, wataƙila wani mai zuwa inda kake ya karanta maka.

Dalilin wasiƙar shi ne takardar da kuka aiko wa maigarinmu. Ta ƙunshi hukunci biyu: cewa bana ba za a zuba ƴaƴan kifi a tafkinmu ba, da cewa a cire Sarkin Ruwanmu, Baba Nomau, daga komiti a naɗa wani, wai shi ne ya karɓi maganin feshi kuma a hannunsa aka saɓa umarni har kifi ya mutu. Kifi kam ya mutu, wannan ba musu. Amma mutumin da kuka rubuta sunansa shi kaɗai ne a garin nan bai da hannu a ciki. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Na farko, godiya, don kada a ce ƙauyawa ba su san alheri ba. Kacala ta ci mana tuwo a ƙwarya shekara da shekaru. Doguwar ciyawar nan ta fara daga gefen gabas, muna kallonta muna cewa za ta yi mana jinka, ba mu farga ba sai da ta rufe kusan dukan ruwan. Shanun Fulani ba su samun mashaya sai ta wata ƴar kafa. Masu lambu sai sun sare hanya kafin su tsoma guga. Tsuntsayen jan-baki sun mai da ita gida, su kwana ciki su wayi gari a kan geronmu. Sauro kuwa ba a magana. Mun sare ta da lauje ta tsiro, mun ƙone ta da rani ta dawo ta fi da kyau, kamar taki muka zuba mata. Ni da hannuna na rubuta takardar kuka har sau biyu. Ranar da motarku ta shigo gari, mata har guɗa suka yi.

Na biyu, yadda aka kawo maganin. Ma'aikacinka ya iso ranar wata Jumma'a da hantsi, bayan an gama kaka. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi a ƙofar zauren maigari, ya gaida kowa. Sai dai yana da sauran garuruwa biyu a gabansa kuma yana son ya riski sallar Jumma'a a Tibiri. Ya sauke bido, wato jarka, guda tara na magani, da safar hannu da takunkumin hanci na mutum uku, da takarda shafi ɗaya. Ya ce a raba tafkin kashi uku, a fesa kashi ɗaya da bido uku, a jira sati uku, sannan a taɓa na biyu, haka har na uku. Ya maimaita sau biyu, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya tambaya wa ke da ruwan, aka nuna Baba Nomau, ya kama babban yatsan tsoho ya dangwala a takarda. Ko furar da aka dama masa bai shanye ba ya hau mota.

Abin da bai faɗa ba, kuma takardar ba ta faɗa ba, shi ne dalili. An ce mana kada, ba a ce mana don me ba. Ranka ya daɗe, shekara talatin ina koyar da ƴaƴan mutanen nan, na san su kamar yunwar cikina. Bagobiri in ka hana shi abu ba ka gaya masa dalili ba, kafin la'asar ya ƙirƙiro dalilin da kansa, kuma nasa ba zai yi maka daɗi ba.

Na uku, nawa laifin, tunda laifi tudu ne, gara in fara duba wanda nake tsaye a kai. Da daddare ba mu zauna ba, washegari da safe aka taru a gindin kurna. Na karanta takardar na fassara kalma-kalma. Sai wani ya tambaya me ya sa za a raba aikin yini ɗaya zuwa sati tara. Aka juyo ana kallona, tunda ni ne na taɓa cin albashin gwamnati. Da na ce ban sani ba, da yanzu ba na wannan rubutu. Amma tsohon malami bai iya cewa bai sani ba. Na gyara zama na ce ai halin ƴan buro ne, suna raba aiki uku don su zo dubawa sau uku a biya su kuɗin tafiya sau uku. Ka yi haƙuri, haka na faɗa, kuma an yi dariya sosai. Wani ya ƙara da cewa ƙila sun ɗauka raggaye ne mu, shi ya sa suka ba da kayan mutum uku. Wannan maganar ita ta ɓata komai, don a garinmu ka zagi uban mutum ya fi masa sauƙi da ka ce da shi raggo.

Nan take aka ce a kira gayya. Ban sani ba ko a buronku akwai wanda ya taɓa ganin gayya irin tamu. Idan an kira ta, kowane magidanci zai fito da kayan aikinsa, mata su yi fura da dambu, makaɗi ya zo da gangarsa, kuma abin kunya ne a tashi a bar ko kunya guda ba a gama ba. Ana yi wa gari gori da shi a kasuwar Cadakori har shekara ta kewayo. To kuma lokacin kowa ya gama feshin wakensa, famfon feshi yana rataye a kowane gida ba ya aikin komai. Ku kun yi lissafin mutum uku da famfo uku. Mu mun fito da abin da ya haura arba'in, har da na aro daga ƙauyen maƙwabta.

Na huɗu, abin da Baba Nomau ya ce. Tsoho ne da ya ba saba'in baya, ƙanƙanin jiki, ba ya ɗaga murya. Sarautar ruwan a gidansu take tun kakanni. Shi ke rufe tafki idan kifi na ƙanana, shi ke buɗe shi ranar su, wato ranar da gari duka ke shiga kamun kifi, kuma ba mai jefa homa kafin tasa ta taɓa ruwa. A taron nan ya bari sai da hayaniya ta lafa, sannan ya tuna mana abin da kowa ya sani: duk shekara in mata sun jiƙa rama a gefen tafki don su cire zare, ruwan wurin yakan yi baƙi ya yi wari, kifi ya ƙaurace masa ya koma can tsakiya. Sai ya ce:

"Ramar mata dami nawa ce? Wannan kacalar tafki duka ce. In ta mutu rana ɗaya ta ruɓe rana ɗaya, kifin ina za shi gudu?"

Ranka ya daɗe, daga baya na ji daga bakin wani ma'aikacin lafiyar dabbobi cewa dalilinku ke nan ba ragi ba ƙari. Ciyawa in ta ruɓe tana shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, shi ya sa ake barin kashi biyu lafiyayyu kifi ya fake. Abin da aka koya wa mutanenka a makaranta, tsohon nan ya koye shi daga ramar mata. Amma a ranar ba wanda ya saurare shi. Aka ce tsufa ne, aka ce yana kishin ƴan birni sun shigo masa ruwa. Ni ma na ce masa, cikin ladabi dai, wannan magani na zamani ne, ba rama ba ce. Ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya koma gida.

Ranar gayyar, wallahi da ka gani da ka yi alfahari da mu kafin ka yi fushi. Maza sun jeru a ruwa har ƙugu, kowa da famfo a baya. Safar hannun nan uku aka ba manyan gari su sa don girmamawa, su kuwa suna bakin gaɓa a inuwa. Sauran kowa ya ɗaure hanci da rawani ko tsumma. Ɗan Jimma makaɗi yana bin su ta gefe, duk wanda ya ɗan tsaya sai ya kira sunan surukansa da ganga. Kafin azahar an gama kashi ɗayan da kuka ce. Na tuna takardar, na je kusa da maigari na yi raɗa cewa ko a tsaya nan. Ya nuna mini ƙoren fura da ba a ko taɓa ba, ya ce in ni zan iya sallamar gayya da rana tsaka, ga fili ga mai doki. Ban iya ba. Kafin la'asar bido tara sun ƙare tas, aka ci aka sha, aka yi addu'a, har da sa muku albarka.

Na biyar, sakamako. Kwana goma na farko mun sha daɗi. Kacala ta yi rawaya ta fara kwanciya, mutane suna zuwa kallo, ana taya ni murna kamar ni na haɗa maganin. Cikin sati na uku ruwa ya fara baƙi. Wata safiya mata masu ɗiban ruwan wanki suka dawo da tuluna wayam, suka ce kifi ya taso sama yana buɗe baki. Kwana biyu bayan haka karfasa ta rufe bakin gaɓa fari fat, manya da ƙanana, har da irin manyan balli da Baba Nomau ya hana a kama shekara biyu don su yi ƙwai. Tarwaɗa ce kawai, mai taurin rai, ta ɗan tsira. Warin ya kai har masallaci. Fulani suka kora shanunsu wani wuri, masu lambu suka koma rijiya. Mun haƙa rami mun binne kifin da da shi za a yi su na bana, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Wa kake tsammani ya fara shiga ruwan yana tsamo gawar kifi da ƙwarya? Baba Nomau, wanda aka ƙi saurara. Bai ce wa kowa ai na gaya muku ba. Da ma ya faɗa, da mun ji sauƙi.

Na shida, rahotonku. Da ma'aikacinka ya dawo dubawa, ya tsaya a bakin ruwa da hankici a hanci, ya buɗe takarda ya ga yatsan da aka dangwala, ya rubuta sunan mai yatsan. Bai tambayi wa ya kira gayya ba, mu kuwa, ka san mu, ba wanda ya yi gaggawar gaya masa. Ina tsaye a wurin da alƙalami a aljihu, na bar shi ya rubuta. Mun ɗauka magana ta wuce. Sai ga takardarku.

Yanzu abin ya zama haka. Maigari mutumin kirki ne, amma yana tsoron buro kamar yadda kowane maigari ke tsoro, kuma yana son a dawo da sunan garin cikin masu samun ƴaƴan kifi. Ya ce zai jira ni har jinjirin wata mai zuwa, in ban kawo wata takarda daga gare ku ba zai naɗa wani. A wajenku cire mutum daga komiti goge layi ɗaya ne. A wajenmu ba haka ba ne, don komiti da sarauta ba su rabu ba a idon jama'a. In an cire shi, an tuɓe gidan ne daga ruwan da suke tsaro tun kafin a gina lakol ɗin da na koyar, kuma jikokinsa za su tashi ana nuna su ana cewa kakansu ne ya kashe tafki. Mutane sun fara ma. Ka san baki, wanda ya fi kowa feshi ranar gayya shi ne yau yake cewa da Sarkin Ruwa ya tsaya da ƙarfi da an ji maganarsa. Tsoho ya daina zama majalisa, sallah kawai ke fito da shi.

Ba na cewa buronku kaɗai ke da laifi. Ni na faɗi nawa a gaban duniya, kuma gayya tamu ce, gangar ma tamu ce. Amma ranka ya daɗe, wanda ya ajiye wa mutum tuwon kwana uku a gabansa ya ce ya ci na yau kawai, bai gaya masa dalili ba, ya kamata ya ɗauki ko loma ɗaya daga cikin laifin. Da bido uku aka kawo, da uku muka fesa, ko makaɗa goma muka kira.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Ɗaya, a cire sunan Baba Nomau daga rahoton. In dole sai an rubuta sunan wani, ga nawa, Idi, magatakarda, na iya sa hannu da alƙalami ba sai an kama mini yatsa ba. Ku cire ni daga komitin, babu kifin da zai yi kewata.

Biyu, a aiko wa maigari takardar janye hukuncin kafin watan ya tsaya, kuma a rubuta ta da Hausa. Na gane cewa gari ya dogara da bakin mutum ɗaya wajen fassara haɗari ne, musamman in bakin nawa ne.

Uku, duk garin da za ku kai maganin nan gaba, ku kai na kashi ɗaya kawai, ku riƙe sauran a ma'ajiyarku. Ma'aikacin ya zauna ya shanye furarsa, ya faɗi dalili, ya tambayi mai ruwan abin da ya sani kafin ya nemi yatsansa. Kuma ya tambaya ko ana gayya a garin.

Huɗu, a zo a kwashe bidunan nan tara. Suna kulle a ɗakin maigari, amma na ga yadda mata ke tambayar lafiyarsu, kuma bido mai murfi a ƙauye ba ya daɗewa bai zama na ruwan sha ba.

Biyar, wanda ya fi nauyi a raina, a dawo da mu cikin masu samun ƴaƴan kifi bana. Zan gaya maka dalilin da ya sa ban iya barin wannan ba.

Shekaranjiya da rana tsaka, lokacin da kowa ke gida yana neman inuwa, na bi ta bakin tafki zan tafi lambun ƙanena. Sai na hangi mutum cikin ruwa ta gefen arewa. Baba Nomau ne, ruwa har ƙirji, yana janyo ruɓaɓɓiyar kacala da wani ƙugiya da ya ɗaure a gora, yana tarawa a gaɓa. Tulin da ke wurin ba aikin kwana ɗaya ko biyu ba ne. Ashe kullum lokacin yake zuwa, don kada ya haɗu da kowa. Ya share wuri kamar faɗin masallacinmu, har ruwan gefen ya fara washewa ana ganin ƙasa. Na tsuguna na gaishe shi, na ce ya yafe mini, na ce ya fito ya huta, gwiwarsa ba lafiya gare ta ba. Ya ce ba komai, Mushe, ya wuce. Sannan ya ce:

"Na ji an ce in an kashe ciyawa sukan kawo ƙananan kifi. In sun kawo, ai sai da wuri mai kyau da za a sa su."

Ya san ana maganar cire shi, wannan ya kai kunnensa. Amma ɗaya rabin takardar, cewa ƴaƴan kifin ba za su zo ba, ni da maigari kaɗai muka sani. Maimakon in gaya masa, sai na cire rigata na shiga iyakar gwiwa, inda marar iyo zai iya tsayawa, ina karɓar ciyawa daga hannunsa har la'asar. Yau ma can zan koma da na gama wannan rubutu, kuma har yanzu ban san abin da zan ce masa ba in ya tambaye ni ranar da motar kifin za ta zo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya raya maka zuri'a. Allah ya sa wannan takarda ta same ka a zaune, ba a rangadi ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mushe Idi, tsohon malamin lakol,
magatakardan komitin tafki, Kurnar Gulbi.